Martani: Kada A Ɗora Wa HPV Sankarar Mama Tun Hujja Ba Ta Tsaya Ba

Wani ɗan'uwa marubuci daga nan Mubi ya yi rubutu a kan sankarar mama, kuma rubutun ya shiga gari, don har ana jin maganganunsa a bakin mutanen da ba su san daga inda suka fito ba. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, wai masana sun gano cewa ƙwayar cutar HPV, wadda aka sani da haddasa sankarar bakin mahaifa, ita ce kuma ke kawo sankarar mama. A kan wannan ya yanke hukunci biyu. Na farko, allurar rigakafin da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tana kare su daga cututtukan biyu. Na biyu, tunda ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV, yawaitar sankarar mama alama ce ta lalacewar tarbiyya, kuma da mata za su kama kansu da cutar ta ragu.

Ba na shakkar niyyar Malam. Yana son iyaye su daina gudun allurar, ni ma abin da nake so ke nan. Amma Bahaushe ya ce zato zunubi, kuma wannan zaton idan ya zauna a zukatan mutane, a kan mata zai ƙare, wasu a aurensu, wasu a ransu.

Akwai inda ba mu da saɓani. HPV dangi ne mai nau'i sama da 200, mafi yawansu jiki ke kawar da su cikin shekara ɗaya ko biyu ba tare da mai su ya sani ba. Kamar 12 daga ciki aka tabbatar suna jawo sankara, biyu kuma daga cikinsu, lamba 16 da lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Bajamushen nan Harald zur Hausen da abokan aikinsa ne suka zaƙulo su a 1983 da 1984, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Ranar 24 ga Oktoba 2023 aka shigar da allurar cikin jerin rigakafin ƙasa, kyauta, sau ɗaya tak, kuma Adamawa na cikin jihohin zagayen farko. Aikinta an gan shi da ido: a Ingila, 'yan matan da aka yi wa ita suna da shekara 12 zuwa 13, sankarar bakin mahaifa ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100.

Maganar mama daban take. Malam bai ƙirƙiro ta ba, dole a faɗi wannan. A 1990 wasu masu bincike a Amurka sun nuna cewa idan aka cusa sinadarin gadon HPV cikin ƙwayoyin halittar nono a ɗakin gwaji, sukan daina tsufa su yi ta hayayyafa. A 1992 wata tawaga a Italiya ta duba naman sankarar mama guda 17, ta ce ta ga ɓurɓushin HPV 16 a guda 5. Tun daga nan ake ta bincike, a Ostareliya, a Sin, a Japan, a Meziko, a Iran. Farfesa James Lawson na Jami'ar New South Wales ya shafe shekaru yana kare ra'ayin cewa ƙwayoyin cuta, har da HPV, suna da hannu a wani kaso na sankarar mama. Waɗanda suka tattara rahotannin suka haɗa alƙalumansu ma sun ce an fi ganin ɓurɓushin a nama mai sankara fiye da lafiyayye, kamar ninki huɗu.

A nan Malam ya rufe littafi. Bai gaya wa masu karatunsa yadda sakamakon ya watse ba. Wani binciken ya ce ya ga ƙwayar a kashi 86 cikin 100 na naman da ya duba. Wani ya duba nasa bai ga ko ɗaya ba, kuma irinsa ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Cuta ɗaya, gaɓa ɗaya, amma amsa ta tashi daga sifiri zuwa 86. A bakin mahaifa ba a yi wannan rikici ba. A 1999 an kammala sake duba nama kusan 1,000 da aka tattaro daga ƙasashe 22, aka samu HPV a kashi 99.7 cikin 100. Daga Mali aka kawo naman ko daga Kolombiya, amsar ɗaya ce.

Babban dalilin watsewar yana cikin gwajin kansa. Mafi yawan binciken da PCR aka yi shi, gwajin nan da kowa ya ji sunansa lokacin korona. Aikinsa ya ɗauki ɗan ƙanƙanin sinadarin gado ya yi ta ninka shi sau miliyoyi har a iya ganinsa, don haka ko ƙura ce ta faɗa ciki, ita ma ninka ta zai yi. HPV na zaune a fatar mutane da yawa masu lafiya. Tana iya maƙalewa a safar hannun ma'aikaci, ko a wuƙar da ake feren nama da ita, idan an yanka na bakin mahaifa da safe aka yanka na nono da rana. Akwai ma ƙwayoyin halittar da ake kira HeLa, waɗanda aka ɗebo daga sankarar bakin mahaifar wata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, a 1951, ake renon su a ɗakunan gwaji na duniya har gobe. Suna ɗauke da HPV 18, sun kuma yi ƙaurin suna wajen gurɓata aikin mutane. A 2015 an gano cewa wani kaso na HPV 18 da aka gani a nau'o'in sankarar da ba na mahaifa ba, a babban rumbun bayanan sankara na Amurka, daga HeLa ya fito.

Ko an ce ba gurɓata ba ce, ƙwayar tana nan da gaske, magana ba ta ƙare ba. Ranar da aka sace bijimi a kasuwar shanu ta Mubi, mutum nawa aka gani a wurin? Dillali na nan, direban tirela na nan, mai fura ma na nan. Alƙali ba ya ɗaure mutum don an gan shi a kasuwa, sai an nuna igiyar a hannunsa. A sankarar bakin mahaifa an nuna igiyar. Ƙwayar tana cikin ƙwayoyin halittar ƙarin gaba ɗaya, sau da yawa ta riga ta saƙa kanta cikin sinadarin gadon mutum, tana fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke kashe masu gadin da Allah Ya sa wa ƙwayar halitta don kada ta yi hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Idan aka toshe waɗannan biyun a ɗakin gwaji, ƙwayoyin sankarar sai su tsaya cik. A nono kuwa, inda aka auna yawan ƙwayar, an sha tarar da ita 'yar kaɗan ce ƙwarai, 'yan ƙalilan a tsakiyar dubban ƙwayoyin halitta. Abin da babu shi a mafi yawan ƙarin, da wuya a ce shi ke sa ƙarin girma.

A 2013 aka yi binciken da ya fi sauran nauyi. Tawaga biyu, ɗaya a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin, ɗaya a cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Houston a Amurka, kowacce ta bi bayanan dubban ƙari iri-iri tana neman alamar ƙwayar cuta mai aiki, ba mai kwance ba. An ga HPV a bakin mahaifa kamar yadda aka zata, an gan ta a wani kaso na sankarar baki da maƙogwaro, an ga ƙwayar ciwon hanta nau'in B a sankarar hanta. A ɗaruruwan sankarar mama da aka duba, ba a samu abin kamawa ba. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Lyon a Faransa, ita ke tantance abin da ke jawo sankara da abin da ake zargi kawai. Ta lissafa inda hujja ta isa a kan HPV: bakin mahaifa, gaban mace, gaban namiji, dubura, baki, maƙogwaro. Nono ba ya cikin jerin.

Akwai hujjar da ba ta buƙatar na'ura, ta kuma girmi duk waɗannan. Tun 1713 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya lura cewa sankarar mama ta yi yawa a cikin mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika, waɗanda ba sa aure, ba sa haihuwa. A 1842 wani likitan, Rigoni-Stern, ya bi littattafan mace-macen birnin Verona, ya ga sankarar mahaifa ta fi kama matan aure da zawarawa, da wuya a gan ta a wajen masu zuhudun, sankarar mama kuwa a wajensu ta fi yawa. Matan da suka fi kowa nisa da namiji ke nan. Da ta hanyar saduwa sankarar mama ke zuwa, da akasin haka za a gani.

Sai masu ɗauke da ƙanjamau. Garkuwar jikinsu ta yi rauni, don haka sankarar da ƙwayar cuta ke jawowa tana ƙaruwa a cikinsu. Mace mai HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin sankarar bakin mahaifa ninki 6. Sankarar mama kuwa ba ta ƙaru ba. Haka aka gani a waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwa, kuma wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2007 ya haɗa rukunin biyu ya nuna hakan. Duk mai cewa HPV ke kawo sankarar mama, nan ya kamata ya fara ba da amsa. Malam ko kusa bai je ba.

Za a ce mini ai shi ma zur Hausen an yi masa kallon mai taurin kai kafin a sara masa, haka Barry Marshall da Robin Warren da suka ce ƙwayar cuta ke kawo gyambon ciki. Haka ne. Ban ce a daina bincike ba, kuma mai yiwuwa wata rana a nuna HPV na da ɗan hannu a wani ƙaramin kaso. Sai dai mutane sukan tuna wanda aka yi wa dariya ya yi gaskiya, su manta da wanda aka tafa wa ya sha ƙasa. A 2006 an sanar da wata ƙwayar cuta, XMRV, a wata sankarar maza, a 2009 aka alaƙanta ta da wani ciwon gajiya mai naci. Jaridu suka ɗauka, marasa lafiya suka sa rai. Zuwa 2011 aka gane a jikin ɓerayen ɗakin gwaji ta samo asali, mujallar Science ta janye rahoton 2009 ɗin.

Da a zauren masana maganar za ta tsaya, da ban tanka ba. Ta riga ta shigo gida, gidajenmu kuwa mun san su. Mace a Lokuwa ko Wuro Patuji, ko can Gella ko Maiha, tana wanka ta ji ƙullutu a nononta, ba ya ciwo. Rashin ciwon ne ke fara yaudarar ta. Ta yi shiru wata biyu, wata uku. Idan ta buɗe baki, ƙanwarta ko maƙwabciya za ta gaya wa, a ce mata ai ruwan nono ne ya daskare, ko maruru ne, ta gasa da ruwan zafi. Daga nan kemis, a ba ta kafso na kwana biyar. Daga nan mai magani, ya ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, likita na taɓa shi zai bazu. A shafa ƙulli, a yi tsaga, wani ma ya yi sakiya. Idan da kishiya, an samu wadda za a ɗora wa. Ranar da za a ɗauko ta a Keke Napep zuwa asibiti, fatar nonon ta yi kauri ta yi ramuka-ramuka, kan nonon ya shige ciki, kaluluwa ta cika hammata, wani lokaci gyambon ya riga ya fashe, an naɗe shi da tsohon zane a ƙarƙashin hijabi, 'yan rakiya na tsaye nesa-nesa saboda wari. Tambayi ma'aikatan jinya a kowane babban asibiti na Arewa, wannan ba baƙon abu ba ne a wajensu.

Ana kukan targaɗe, Malam ya zo da karaya. Yau abin da ke hana matar nan magana kunya ce da tsoron wuƙa da rashin kuɗi. Gobe za a ƙara mata tsoron zargi. Miji zai tambayi kansa daga ina ta kwaso. Uwar miji ba za ta tsaya tambayar kanta ba, a tsakar gida za ta faɗa. Budurwar da ba ta taɓa aure ba, ko bazawarar da ta shekara goma ba miji, ko matar liman, ko matar fasto, ta ji ƙullutu, wa za ta nuna wa? Mun ga yadda aka yi da masu ƙanjamau. Mun ga matan da aka saka saboda yoyon fitsari, ciwon da doguwar naƙuda ke kawowa. Dalilan wulaƙanta mace mara lafiya ba su yi mana kaɗan ba, balle a shigo mana da sabo daga ɗakin gwajin da shi kansa bai gama yarda da shi ba.

Ko a sankarar bakin mahaifa, inda laifin HPV ya tabbata, hukuncin tarbiyyar da Malam ya yanke bai tsaya ba. Mafi yawan waɗanda suka taɓa saduwa, maza da mata, za su haɗu da HPV a wani lokaci na rayuwarsu. Yarinyar da aka kai ɗaki tana da shekara 15, ba ta san kowa ba sai mijinta, tana iya ɗauka daga gare shi, shi kuma daga matar da ya saka kafin ita, ita ma daga mijinta na fari. Duk aure ne, duk halal ne. Namijin ba ya jin komai a jikinsa. Kuma tun daga farkon rubutun Malam har ƙarshensa, mata kaɗai aka ce su kama kansu.

Sai alƙawarin da ya yi wa iyaye da sunan allura. Babu binciken da ya tabbatar cewa rigakafin HPV na rage sankarar mama. Lokacin aunawa sosai ma bai yi ba, don a 2006 aka fara amfani da allurar, 'yan matan farko yanzu ne suke cikin shekaru talatin da 'yan kai, sankarar mama kuwa ta fi zuwa bayan 40. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ba ta yi wannan alƙawari ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yi ba, kamfanin da ke yin allurar ma, wanda shi zai fi kowa cin riba, bai yi ba.

Yarinyar da aka yi wa allura a firamare a 2023 za ta girma da cewa ita kam ta tsira. Ranar da ta ji ƙullutu tana da shekara 38, cewa za ta yi ba shi ba ne, ai an yi mini rigakafi. Ranar kuma da wata da aka yi wa allurar ta kamu da sankarar mama, kuma za a samu tunda miliyoyin yara ake yi wa, masu cewa allurar yaudara ce sun samu abin nunawa. Yarda da allura a Arewa da ƙyar aka samo ta. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 har yau ana ambatonsa. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna kusan shekara guda, cutar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ita kanta allurar HPV tun ranar farko aka bi ta da jita-jitar hana haihuwa. Ma'aikaciyar lafiyar da ke bin makarantu da akwatin sanyi a kafaɗa, idan uba ya tare ta a ƙofar aji ya ce me allurar ke yi, tana da amsar da za ta iya tsayawa a kanta: tana kare bakin mahaifa. Kada a sa mata a baki abin da ba za ta iya karewa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai, filin da Malam ya ɓatar a kan zato, da ya cika shi da abin da aka tabbatar. Sankarar mama ce kan gaba a matan Najeriya. Ƙiyasin 2020 ya ce sama da 28,000 suka kamu, sama da 14,000 suka rasu. An san abubuwan da ke ƙara haɗari: shekaru, fara al'ada da wuri, jinkirin haihuwar fari, ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, shan giya. An san gado na da hannu. Binciken da aka yi a Ibadan ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, aka wallafa a 2018, ya duba mata sama da 1,100 masu cutar, ya tarar kusan kashi 15 cikin 100 sun gaji wata tawaya a ƙwayoyin gadonsu, mafi yawa a biyun da ake kira BRCA1 da BRCA2. Ma'anarsa ga mace a Mubi a fili take: idan uwa ko 'yar'uwa ko inna ko goggo ta yi cutar, musamman da ƙuruciya, ta sa ido, ta kuma gaya wa likita, don gadon na biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa. Shayarwa na rage haɗarin, kamar kashi 4 cikin 100 a kowace shekarar shayarwa, amma ragewa kawai take yi. Matanmu na haihuwa da wuri, suna shayarwa har yaye, duk da haka ana kawo su da cutar, da yawa ba su kai 50 ba.

Abin da ke kashe su ma sananne ne. An bi mata masu sankarar mama a ƙasashe 5 na Afirka, aka fitar da sakamakon a 2020. Bayan shekara 3, kashi 36 cikin 100 kacal na 'yan Najeriya ke raye, a Owerri da Aba kuwa aka bi su. Fararen fata na Namibiya, kashi 90. Babban bambancin shi ne matakin da aka zo da cutar, da ko an samu magani an kai ƙarshensa. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 abu uku ya nema: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kashi 80 cikin 100 kuma su kammala magani.

Kwana 60! Macen da ta taso daga Madagali ko Michika, ko ƙauyukan bakin iyakar Kamaru ta wajen Sahuda, Mubi ce birninta. Idan an ga ƙullutun, sai an ɗebi ɗan nama an kai wa masu duba shi a madubin likita, sau da yawa Yola ke nan, tafiyar kusan kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song, a jira sakamako, a sake komawa. Idan aka ce sai an yi gashi da na'ura, sai a nausa Maiduguri ko Zariya ko Abuja, da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya, ban da na maganin kansa. Gidajen da rikici ya sa suka yi gudun hijira a Oktoban 2014 suka dawo suka tarar da shago a ƙone, rumbu wayam, da yawa ba su gama farfaɗowa ba. Nan ake sayar da akuya, a sayar da gona, a yi zagayen maganin kemo biyu cikin shida a tsaya. Da wannan ya kamata marubucin Mubi ya hana 'yan majalisarmu barci.

Muna da Kwalejin Fasahar Lafiya a garin nan, muna da Jami'ar Jihar Adamawa. Koya wa ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi yadda ake duba nono da hannu ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Haka koya wa mata a Islamiyya da zumuntar mata a coci alamomin cutar: ƙullutu a nono ko hammata, kan nono ya shige, jini ko ruwa na fita ba shayarwa ake ba, fata ta canja, gyambon da ya ƙi warkewa. A kuma gaya musu cewa mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne, amma gwaji kaɗai ke rarrabewa, kuma allurar ɗibar nama ba ta baza cutar.

Malam, kana da masu sauraro, shi ya sa na damu. Ina roƙonka ka sake rubutu a inda ka yi na farko, ka raba cututtukan nan biyu. Ka ce wa iyaye su kai 'ya'yansu mata a yi musu allurar HPV saboda bakin mahaifa, matan da suka kai shekara 30 kuma su nemi gwajin bakin mahaifa. Ka janye maganar tarbiyya gaba ɗaya, don babu hujjar da ta ɗauke ta. Ka kuma gaya wa mazan Mubi cewa duk wanda matarsa ta ce ta ji wani abu a nononta, abin da ke kansa shi ne ya nemo kuɗin mota ya raka ta asibiti a cikin makon.